Bashin da Ka Biya wa Wani Bai Mutu Ba

A rumfar 'yan albasa ta kasuwar Mile 12 da ke Legas na same shi wata safiya, zaune a kan buhu, ya ƙura wa wayarsa ido. Dattijo ne ɗan garinmu, abokin mahaifina tun suna samari, shi ya sa nake ce masa Baba. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya miƙo mini wayar. "Ɗana, karanta mini, me mutanen nan suke nufi kuma?" Saƙo ne daga wani ƙaramin banki na masu ƙananan sana'o'i. Sun ba shi kwana bakwai ya kawo ragowar naira dubu 640, ko su ɗauki mataki a kansa.

Baba bai taɓa karɓar ko sisi daga bankin nan ba. Ƙanin matarsa ne ya ci bashin a farkon 2022, ya sayi babur yana kabu-kabu tsakanin Ketu da Ojota, Baba kuma ya dangwala yatsa a matsayin garanto, wato mai lamuni. Yaron yana biya daidai gwargwado, har gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida ranar 1 ga Yunin shekarar, a watan Satumba kuma hanin ya iso Kosofe, inda kasuwar take. Aka kama babur, biya ya tsaya, yaro ya sauya layi ya koma Alaba Rago. Daga baya labari ya zo cewa ya samu keke yana ja, yana samun na kansa, amma ko sau ɗaya bai waiwayi bankin ba.

"Ni fa tsayawa kawai na yi," in ji Baba. "Kuma malaminmu ya karantar da mu a Risala cewa ba a kama mai lamuni sai wanda ya ci bashin ya tsiyace ko ya ɓace. Yaron nan yana raye, an san inda yake kwana. Me ya hana su zuwa can?"

Baba bai yi kuskuren karatu ba. Haka Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala, littafin da kusan duk wanda ya zauna gaban malamin zaure a ƙasar Hausa ya ratsa: mai lamuni mai biya ne, amma ba a ɗora masa sai wanda ake bi ya rasa ko ba ya nan. Da wannan fahimtar yawancinmu muke sa hannu. Sai dai takardar da Baba ya dangwala ba a kan fiƙihun Malikiyya aka rubuta ta ba. An rubuta ta a kan dokar yarjejeniya da Najeriya ta gada daga Ingila, kuma a wannan doka, da zarar wanda ya ci bashi ya saɓa lokacin biya, nauyin ya faɗo kan garanto. Banki yana da damar ya tsallake wanda ya kashe kuɗin ya nufo wanda ya tsaya, ba sai ya fara kai na farkon ƙara ba, in dai takardar da kanta ba ta gindaya wannan sharaɗi ba. Kotun Ƙoli ta sha tabbatar da haka. Banki kuwa inda ya hangi maiƙo nan yake sauka. Ga mai rumfa, mai suna a kasuwa, mai gudun zubewar mutunci, me zai kai shi farautar yaron da ba shi da adireshi?

Wannan ɓangaren kowa yana gano shi da kansa, da zafi. Wanda ya fi damuna shi ne abin da ke biyo baya. Mutumenmu zai sayar da kaya, ya ranto a adashi, ya biya banki don ya samu lafiya, sannan ya ce "na bar shi da Allah", ya ɗauka magana ta ƙare. A wurin doka kuwa bashin yana nan da ransa, mai shi ne kawai ya sauya. Ranar da garanto ya biya, ranar ya zama mai bin bashi, kuma doka ta ba shi kusan duk ƙarfin da banki yake da shi jiya. Abin da yake raba mutanenmu da wannan ƙarfi, a iya abin da na gani a Mile 12 da Agege da Idi-Araba, kunya ce da rashin takarda, kuma yawanci a 'yan makonnin da ke kewaye da ranar biya ake yin asarar.

Kafin a ciro ko kwabo, takardar lamunin ake fara nema. Doka ta ce tsaya wa bashin wani ba ya hawa kan mutum sai a rubuce, da sa hannunsa ko dangwalensa, kuma wannan ƙa'ida ta samo asali tun daga wata dokar Ingila ta 1677. Saboda haka manhajojin rance na waya da ke kiran mutum su ce "wane ya sa lambarka, kai ne garantonsa" ba su da abin kamawa. Lambarka a wayar wani ba ta sa ka zama mai lamuni ba, kuma hukumar kare masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta fito da ƙa'idoji a kan irin waɗannan kamfanoni tun 2022. Wanda kuma ya dangwala a takardar Turanci alhali bai iya karatun boko ba, akwai dokar kare marasa karatu da ta ce wanda ya rubuta takardar ya sa sunansa da adireshinsa, ya nuna an karanta wa mai dangwale an fassara masa kafin ya sa yatsa. Rashin wannan bayani abu ne da lauya zai iya tsayawa a kai, ko da yake ba kullum yake kuɓutar da mutum ba. A takardar Baba akwai shi, jami'in bankin ya cika komai, don haka wannan ƙofa a rufe take.

Sai a nemi cikakken lissafi a rubuce: nawa aka bayar, nawa aka biya, nawa ne uwar kuɗi, nawa ne ruwa da tarar jinkiri. A duba ko takardar ta yi wa lamunin iyaka, domin wanda ya tsaya wa dubu 500 ba a tilasta masa miliyan. A duba ko banki ya ƙara wa yaron wani rance, ko ya tsawaita masa lokaci, ko ya saki jinginar da ke hannunsa, ba da sanin garanto ba. A asalin doka irin wannan sauyi yana iya sauke nauyi daga kan garanto, amma bankuna sun daɗe da sanin haka, shi ya sa fom ɗinsu kan ƙunshi layin da mutum ya yarda da duk wani sauyi tun kafin a yi shi. Haka kuma garanto yana iya matsa wa banki ya yi amfani da abin da ke hannunsa tukuna. Tun watan Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara tsarin da ake kira GSI, wanda ke bai wa bankunan da ke cikinsa damar bin lambar BVN su ɗebi kuɗi daga asusun wanda ya ƙi biya a wasu bankuna, in ya sa hannu a kan haka lokacin karɓar rance. Ba za ka iya tilasta musu ba, amma roƙon da aka yi a rubuce yana da nauyi a teburin ciniki, kuma ragin tara da ruwa abu ne da ake samu in an zauna. Na Baba ya sauko zuwa dubu 520 bayan zama biyu.

Akwai ma wata dama da ba kasafai ake jin ta ba: in lokacin biya ya yi, garanto yana iya zuwa kotu tun bai biya ba, ya nemi a umarci wanda ya ci bashin ya je ya sauke nauyinsa. Wannan aikin lauya ne, kuma ya fi dacewa da manyan kuɗi.

Yadda ake biyan shi kansa shi ne wurin da na fi so mai karatu ya tsaya. Mu mutanen tsabar kuɗi ne. Dillali zai ƙirgo daga aljihun 'yar ciki ya danƙa wa jami'in da ya zo rumfa, ko ya ba yaronsa ya tura ta wurin mai POS na bakin titi, da sunan da ba nasa ba. Bayan shekara biyu, in aka ce ya nuna shaidar cewa shi ya biya, sai rantsuwa. Rantsuwa tana da girma a wurinmu, amma majistare takarda yake nema. Kuɗin su fita daga asusunka, da sunanka, zuwa asusun bankin, a rubuta a bayanin turawar cewa biyan bashin wane ne a matsayin garanto. Sannan a karɓi wasiƙa daga banki mai cewa an gama biya, ga adadin, ga wanda ya biya, ga rana. Na tsaya a kan Baba sai da aka buga masa wannan wasiƙa da hatimi. Ya naɗe ta cikin leda ya sa a ƙasan akwatin da yake ajiye littafin cinikinsa, yana cewa, "Kai dai ɗan nan ba ka gajiya da takarda."

Da wannan takarda a hannu, haƙƙin farko ya tabbata: wanda ka tsaya wa dole ya mayar maka da abin da ka biya. Ba sai kun taɓa rubuta hakan tsakaninku ba. Doka tana ɗaukar cewa duk wanda ya roƙi wani ya tsaya masa, ya yi alkawarin ba zai bar shi da asara ba, ko bai furta ba. Kalmar roƙo tana da muhimmanci a nan. Wanda ya kutsa kai ya tsaya wa mutum ba da saninsa ba, ko ya biya abin da bai wajaba a kansa ba don kawai tausayi, yana iya shan wahala wajen karɓowa, domin za a ce kyauta ya yi. Shi ya sa saƙon murya na WhatsApp da yaro ya turo yana cewa "Yaya, don Allah ka taimaka ka sa mini hannu" dukiya ne, kada a goge. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta yarda da shaidar da ta fito daga waya ko kwamfuta in an cika sharuɗɗanta. Abin da za ka nema kuwa shi ne abin da ya fita daga hannunka da gaske, har da ruwan da banki ya caje ka da kuɗin da ka kashe bisa larura. In an yi maka ragi, ragin nasa ne shi ma. Baba dubu 520 zai bi, ba 640 ba.

Haƙƙi na biyu shi ne wanda ake bari a teburin banki a tafi. Garanton da ya biya bashi gaba ɗaya yana maye gurbin banki, ya gaji duk abin da banki ya riƙe don tsaro: takardun babur ko keke ko mota, takardar fili, cakin da aka sa wa kwanan wata na gaba, rajistar jinginar kaya da aka yi a ƙarƙashin dokar 2017 ta jinginar kadarorin da ake iya ɗagawa. Sau da yawa, da an gama biya, banki sai ya kira wanda ya ci bashin ya miƙa masa takardunsa, tunda sunansa ne a jiki. Mutumin da bai biya ba ya tafi da jingina, wanda ya biya ya tashi hannu rabbana. Maganin abin wasiƙa ɗaya ce kafin a biya kuɗin ƙarshe: ina biya a matsayin garanto, kada a saki komai sai a hannuna. A sha'anin Baba babu abin gada, babur ya riga ya tafi. Amma na san mai tirela a Apapa da wannan wasiƙa kaɗai ta cece shi, domin takardun motar suna hannunsa lokacin da aka zauna sulhu, kuma kowa ya san wanda ke riƙe da takardun mota shi ake saurara.

In kuma ku biyu ko uku kuka tsaya wa bashi ɗaya aka tatsi mutum ɗaya, sauran za su kawo kasonsu, daidai-wa-daida in takarda ba ta raba ba, ko da ba rana ɗaya kuka sa hannu ba.

To, ta ina ake bi a karɓo? Ba na cikin masu raina zaman gaban manya. Fadar Sarkin Hausawa, shugabannin sashe a kasuwa, limamin unguwa, ƙungiyar 'yan gari ɗaya, duk suna da abin da kotu ba ta da shi. Sun san mahaifin yaro, sun san wa yake ba shi kaya, kuma kalmarsu tana iya rufe masa ƙofar ciniki. Bahaushe a Legas da jama'a yake rayuwa, wanda aka ce ba shi da amana a Alaba Rago labarinsa zai riga shi isa Agege. Aibin wannan zama ɗaya ne: ana tashi da fatiha ba a rubuta komai ba. Yaro ya durƙusa ya ce "in sha Allahu zan riƙa kawowa", dattawa su ce "to, Alhaji, a yi haƙuri, ɗa ne", a watse. Ba adadi, ba rana, ba sa hannu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma mu muke jin nauyin ciro biro a gaban suruki. A zauna gaban manya, amma a tashi da takarda: na amsa wane yana bi na kaza, zan biya kaza duk wata daga rana kaza, sa hannu, shaidu biyu.

Wanda yake son takardar ta yi haƙora, Legas ta tanadi wurare. Akwai cibiyar sasanci ta Ma'aikatar Shari'a ta jiha, da aka fi sani da CMC, wadda take aiki tun 1999, kyauta, da rassa a unguwanni da dama. Akwai kuma cibiyar sulhu da ke jingine da Babbar Kotu, LMDC, da aka buɗe a 2002, wadda in alƙali ya rattaba hannu a kan yarjejeniyar da aka cimma a cikinta, ta zama hukuncin kotu, ana zartar da ita kamar kowane hukunci. Ga wanda ke tsoron a ce ya kai ɗan'uwa ƙara, wannan hanya tana rage kaifin abin, domin zama ne na sulhu, ba tsayuwa a akwatin kotu ba. Kada a manta Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati irin ta Kano ko Sakkwato. Kwamitocin shari'a masu zaman kansu da ke zama a wasu masallatai sai da yardar ɓangarorin biyu suke aiki, kuma ba su da ma'aikatan da za su je su kwashe kaya.

In sulhu ya ƙi, ga kotu. A 2018 Legas ta buɗe kotun ƙananan basussuka a cikin kotunan majistare, don kuɗin da adadinsu sananne ne kuma bai wuce naira miliyan 5 ba a yadda aka kafa ta. Ana fara aika takardar neman biya a jira kwana 14, sannan a cike fom a shigar. An tsara a gama shari'ar cikin kwana 60, kuma mutum yana iya tsaya wa kansa ba lauya. Ƙarar garanto kamar don ita aka yi wannan kotu: ga takardar lamuni, ga shaidar turawa, ga wasiƙar banki, adadi a fili, ba wani dogon musu. Dokar kotunan majistare ta 2009 ta ba su hurumi har miliyan 10, abin da ya haura sai Babbar Kotu, inda ƙa'idojin 2019 suka wajabta a nuna an nemi sasanci kafin a shigar da ƙara, kuma suka ba da damar neman hukuncin gaggawa in wanda ake ƙara ba shi da wata kariya ta gaske. Marasa hali suna iya neman taimakon ofishin lauyoyin gwamnati masu kare talakawa na jihar.

Sai dai in faɗi gaskiya, hukunci takarda ne, ba kuɗi ba. Bayan an yi nasara akwai aikin zartarwa. Hanyar da ta fi sauri ita ce wadda lauyoyi ke kira ganishi: kotu ta umarci bankunan da mutum ke ajiya su bayyana abin da ke asusunsa, a riƙe, sannan a miƙa wa mai hukunci. Shi ya sa sanin inda yaro yake karɓar kuɗin fasinja ko na kaya yake da amfani tun kafin a fara. Akwai kuma kwashe kaya ta hannun ma'aikatan kotu a yi gwanjonsu, a fara da masu motsi, fili ko gida sai da izinin Babbar Kotu. Wanda ba shi da asusu mai kuɗi, ba keke da sunansa, ba rumfa, ko hukunci goma aka samo a kansa babu abin ɗauka. A irin wannan hali biya kaɗan-kaɗan a rubuce ya fi kowace ƙara amfani, kuma kafin a kashe kuɗin shari'a ya kamata mutum ya yi wannan lissafi da idon basira.

Hanyar da zuciya ta fi saurin nunawa ita ce caji ofis, kuma ita ce mafi haɗari. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wanda ake nema, wato ɗauko uwa ko mata don yaro ya fito. Kotun Ƙoli ta faɗa fiye da sau ɗaya cewa 'yan sanda da EFCC ba masu karɓar bashi ba ne. Wanda ya sa aka tsare mutum kwana uku a kan bashi yana iya wayar gari shi ake ƙara a kan take haƙƙin ɗan Adam, a yanka masa diyyar da ta fi kuɗin da yake bi. Haka wanda ya tara matasa suka ƙwace keke da ƙarfi, ko ya liƙa hoton mutum a Facebook ya rubuta ɓarawo. Inda hukuma take da hurumi shi ne inda akwai laifi na gaske: an yi amfani da takardun jabu, ko tun farko yaudara aka shirya, ko an ba ka cakin da ya dawo babu kuɗi, wanda dokar 1977 ta yanka wa ɗaurin shekara biyu in an kai shi banki cikin wata uku. Ko a nan ma, hukunta mai laifi daban, dawo da kuɗinka daban.

Sai maganar lokaci, wadda kunya ke cinyewa a hankali. A Legas bashin yarjejeniya ta yau da kullum shekara shida gare shi. In suka wuce ba a shigar da ƙara ba, kotu ba za ta saurara ba, komai gaskiyar mutum. Ga garanto, ƙirgen yana farawa daga ranar da ya biya. Shekara shida kamar da yawa, amma ku duba yadda muke yi: bana an ce a bari ya yi aure, baɗi an ce matarsa ta haihu, shekara ta uku mahaifinsa ya rasu ba a tayar da magana a gidan makoki, ta huɗu uwargida ta ce "Alhaji, ka rufa mini asiri, ƙanina ne." In wanda ake bi ya amsa bashin a rubuce ya sa hannu, ko ya biya wani abu daga ciki, ƙirge yana komawa farko, kuma wannan wani dalili ne na waccan takarda ta gaban manya. Ko ba dokar ma, naira ba ta jira. Duk ɗan kasuwa ya san buhu nawa dubu 500 ke saya kafin tsakiyar 2023 da buhu nawa take saya yanzu.

In wanda ake bi ya tattara ya koma Arewa, haƙƙi bai faɗi ba. Ana iya kai masa sammacin kotun Legas a wata jiha bisa ƙa'idar da dokar tarayya ta tsara, ana kuma iya yi wa hukuncin Legas rajista a can a zartar. Sau da yawa ma ya fi sauƙi a bi shi gida a shigar da ƙara a kotun shari'ar Musulunci ta garinsu, inda alƙali ya san babin lamuni sarai, dangi kuma suna kusa. In rasuwa ya yi, bashin yana kan abin da ya bari, kuma ayoyin gado na Suratun Nisa'i sun sa bashi gaba da rabo. Sanar da magada da wuri taimako ne ga mamacin kansa.

Na sha jin ana cewa bin ɗan'uwa bashi har gaban hukuma rashin zumunci ne. Ban yarda ba, sai da rarrabewa. Wanda ƙaddara ta faɗa wa, aka kama babur ɗinsa, yake neman na abinci, Alƙur'ani ya ce a saurara masa har ya samu sauƙi, yafewa kuma ta fi alheri ga wanda ya iya. Wannan zaɓin mai haƙƙi ne, ya yi shi da saninsa, ba don an rufe masa baki ba. Amma wanda ya samu yake ja, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira jinkirin mawadaci zalunci. Kuma ɓarnar ba ta tsaya kan mutum ɗaya ba. Yaron da ya sauka daga motar tumatir gobe, ba shi da kowa a Legas sai sunan garinsu, da tsayawar wani dattijo zai samu ɗaki, ya samu keke, ya samu aikin gadi. Duk dattijon da aka ƙona aka bar shi da toka, ba zai sake tsaya wa kowa ba, kuma na ga rumfunan da a yau ko ɗan cikinsu ba sa sa wa hannu.

Baba ya yi wata huɗu yana juya maganar. Ranar da ya yanke shawara, bai je kotu ba. Ya sa shugaban sashensu ya aika Alaba Rago, aka zo da yaron bayan la'asar, da wani kawunsa mai sayar da raguna. Na karanta wasiƙar banki da Hausa a gaban kowa. Yaron bai musa ba, kansa a ƙasa ya ce, "Yaya, kunya ce ta hana ni zuwa." Baba ya ce, "Ni ma ita ta hana ni nemanka. Yanzu sai mu rubuta." Aka rubuta dubu 520, dubu 40 duk ƙarshen wata ta asusun Baba, kawun ya sa hannu a matsayin shaida, kowa ya riƙe kwafi. Ya kawo wata biyar a jere, ya tsallake biyu da damina, ya dawo ya ci gaba da rabi-rabi. Da na leƙa rumfar kwanan baya, Baba ya ciro ledar daga ƙasan akwati ya nuna mini bayan takardar, inda ɗansa yake rubuta kwanan wata da adadi duk lokacin da saƙon banki ya shigo. Saura dubu 140.